Tafiyar Mutum Ɗaya Zuwa Tsibirin Yakushima na Japan: Tambayoyi da Amsoshi

An tattara waɗannan tambayoyi ne domin wanda yake da niyyar zuwa Yakushima ba tare da abokin tafiya ba, yana son ya ga tsofaffin bishiyoyin dajinsa da magangarun ruwansa, ya kuma ci abin da mutanen wurin suke ci. Abu guda ne yake ratsa kusan dukkan amsoshin: a wannan tsibiri ruwan sama ne yake tsara wa baƙo tafiyarsa, kuma wanda ya zo da jadawalin da babu sarari a cikinsa shi ne yake komawa da ƙorafi.

Ina ne Yakushima, kuma me ya sa ake zuwansa?

Tsibiri ne a lardin Kagoshima, kimanin kilomita 60 kudu da ƙarshen babban tsibirin Kyushu. Kusan a zagaye yake, faɗinsa murabba'in kilomita 500 da 'yan kai, kuma mazaunansa, waɗanda suka ɗan haura dubu goma, duk a garuruwa da ƙauyukan bakin teku suke, domin tsakiyarsa duwatsu ne zalla. Mafi tsawo a cikinsu shi ne Miyanoura, mai tsayin mita 1,936, wanda ya fi kowane dutse a yankin Kyushu baki ɗaya. Wannan tsayi a kan ɗan ƙaramin tsibiri shi ne ya sa mutum zai bar bakin teku inda lemo yake nuna cikin ɗumi, ya hau zuwa inda ƙanƙara take rufe ƙasa a lokacin sanyi, duk a cikin yini guda. A shekarar 1993 hukumar UNESCO ta sanya kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsibirin a jerin wuraren tarihi na duniya, yana cikin wurare biyu na farko da Japan ta samu a ɓangaren halitta.

Ta yaya ake isa can?

Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar yana buƙatar biza kafin ya shiga Japan, saboda haka da ita ake fara shiri. Bayan an sauka a Tokyo ko Osaka, mafi yawan matafiya sukan wuce birnin Kagoshima, daga nan kuma hanya uku ce. Akwai jirgin ruwa mai gudu da ake kira Toppy ko Rocket, wanda yake ɗaukar awa biyu zuwa uku gwargwadon tashoshin da ya biya, ya tsaya a garin Miyanoura, mai suna ɗaya da dutsen, ko a garin Anbo. Akwai babban jirgin ruwa mai ɗaukar motoci, wanda ya fi araha amma yake cin kusan awa huɗu. Sannan akwai ƙaramin jirgin sama da yake yin tafiyar cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma wasu jiragen suna tasowa kai tsaye daga Fukuoka da Osaka.

Dukkan hanyoyin nan uku ana dakatar da su idan teku ya tashi ko hazo ya rufe filin jirgi. Don haka kuskure ne babba mutum ya sa ranar barinsa tsibirin ta zama ita ce ranar da jirginsa na komawa gida zai tashi daga Tokyo. Ya bar aƙalla kwana ɗaya a tsakani, biyu ma idan lokacin guguwa ne.

Da gaske ne ruwan saman wurin ya kai yadda ake faɗa? Wane lokaci ya fi dacewa?

Ya kai. A bakin teku ana samun kusan milimita 4,000 a shekara, a kan duwatsu kuma yakan ninka haka ko ya wuce, alhali abin da Kano take samu a damina mai kyau bai cika wuce milimita 1,000 da nisa ba. Dalilin shi ne ruwan teku mai ɗumi da yake kewaye tsibirin yana tayar da iska mai laima, ita kuma idan ta ci karo da duwatsun sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Saboda haka ana iya tafka ruwa a gabashin tsibirin yayin da rana take haskawa a yammacinsa, kuma mai masauki yakan fi na'urar hasashen yanayi sanin ɓangaren da ya kamata baƙo ya nufa a ranar.

Watan Yuni zuwa farkon Yuli ne tsakiyar damina, Agusta da Satumba kuma lokacin guguwar teku. Ƙarshen Maris zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba, su ne suka fi sauƙi ga mai tafiya a ƙafa, sai dai a guji makon hutun Japanawa na ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, lokacin da masaukai suke cika kuma ake yin layi a kan hanyar daji. Ko a watannin da ake yabawa ba a tsira ba: a watan Mayun 2019 ruwa ya yanke hanyar dutse, mutane sama da 300 suka kwana a can kafin a fito da su washegari. Rigar ruwa ta kirki, riga da wando, da takalmin hawan dutse, wajibi ne, kuma akwai shagunan da suke ba da hayarsu a Miyanoura da Anbo ga wanda ba ya son ɗauko kaya tun daga gida.

Kwana nawa ya isa?

Kwana huɗu cikakku shi ne mafi ƙarancin abin da zan ba da shawara: ɗaya na doguwar tafiyar daji, ɗaya na hutawa da zagaya magangarun ruwa, ɗaya na ƙaramin daji, ɗaya kuma a bar shi babu komai domin ranar da ruwa ya rushe shiri.

Me ya sa bishiyoyin suke daɗewa haka, kuma shin dajin bai taɓa ganin gatari ba?

Bishiyar da ta yi suna ita ce sugi, wadda ake shukawa a ko'ina a Japan domin katako, kuma a sauran wurare ba ta cika wuce shekara 500 ba. A Yakushima ƙasar ba ta da ƙarfi, domin tsibirin dunƙulen dutse ne mai tauri wanda ɗan abin da ya rufe shi ruwa yake wankewa kullum. Bishiyar sai ta riƙa girma a hankali ƙwarai, zobban cikinta su matsu da juna, ta tara ƙaro mai yawa wanda yake hana ta ruɓewa. Wadda ta haura shekara dubu ita ake kira yakusugi, wadda ba ta kai ba kuma ana ɗaukarta ƙarama, ko da ta shekara ɗari takwas a tsaye.

Dajin kuwa ya ga gatari sosai, kuma wanda ya san haka ya fi fahimtar abin da yake kallo. A da mutanen tsibirin suna ɗaukar manyan duwatsun a matsayin wurare masu alfarma, ba su cika taɓa manyan bishiyoyi ba. A ƙarni na 17 wani malami ɗan Anbo mai suna Tomari Jochiku ya ba su shawarar su riƙa sara domin su fita daga talauci, masarautar Satsuma da take mulkin tsibirin a lokacin kuma ta riƙa karɓar haraji da fallayen katako na rufin ɗaki, waɗanda ake faskarawa a cikin daji a sauko da su a baya. Masu saran suna zaɓar miƙaƙƙun bishiyoyi ne, domin su ne suke faskaruwa da kyau, suka bar karkatattu da masu ƙulli da masu kogo. Mafi yawan tsofaffin da ake tafiya kallo yau rashin kyan dirinsu ne ya cece su. A ƙarni na 20 gwamnati ta shimfiɗa ƙaramin layin dogo ta kafa ƙauyen masu sara a Kosugidani, har da makarantar firamare, kuma ba a rufe shi ba sai 1970. Kututturan da aka bari tun zamanin da suna nan ba su ruɓe ba, sababbin bishiyoyi sun tsiro a kansu, saiwoyinsu sun sauko ta gefe sun kama ƙasa.

Zan iya zuwa Jomon Sugi ni kaɗai, ba tare da ɗan jagora ba?

Mai lafiya wanda ya saba doguwar tafiya zai iya, domin hanyar a bayyane take kuma ba a rasa mutane a kanta. Jomon Sugi ita ce mafi girman yakusugi da aka sani, tsayinta mita 25.3, kewayen gindinta mita 16.4, kuma labarinta ya bazu ne a 1966. An yi saɓani a kan shekarunta, ƙiyasin yana farawa daga sama da 2,000 har zuwa 7,200, domin cikinta kogo ne, babu zobban da za a ƙirga.

Tafiyar daga mashigar Arakawa kusan kilomita 22 ce zuwa da dawowa, kimanin awa goma. Daga Maris zuwa Nuwamba ba a barin motocin kai su shiga, sai dai a hau bas daga gidan tarihin Yakusugi tun kafin asuba, kuma an fi so a sayi tikiti tun jiya. Kilomita takwas na farko a kan tsohon layin dogon nan ake yin su, ana taka katakon da aka shimfiɗa a tsakiyarsa, ana ƙetare gadoji, wasu babu abin dafawa, da fitila a goshi saboda duhu. Bayan nan sai hawa na gaske ta kan saiwoyi da matakalan katako. A hanya ake riskar kututturen Wilson, wanda aka sa wa sunan masanin tsirrai ɗan Ingila Ernest Henry Wilson da ya zo tsibirin a 1914. Mutum yana shiga cikinsa kamar ɗaki, ruwa yana ɓuɓɓugowa a ƙasansa, kuma sararin sama yana bayyana ta bakinsa.

Ita kanta Jomon Sugi daga kan dandamalin katako ake kallonta, ba a kusantarta, domin takun baƙi ya taɓa zaizaye ƙasar da ta rufe saiwoyinta. Wasu sukan ji kamar wahalar ta fi ladan yawa, musamman idan hazo ya rufe ta, amma a ganina wanda ya ɗauki hanyar kanta a matsayin abin da ya zo gani ba zai yi nadama ba. Abin da mai tafiya shi kaɗai zai kiyaye shi ne agogo: ya san lokacin bas na ƙarshe, ya kuma yanke wa kansa sa'ar da zai juyo ko ya kai ko bai kai ba.

Idan ba zan iya tafiyar awa goma ba fa?

Ba a yi asarar komai ba. Kwarin Shiratani Unsuikyo, wanda bas yake kaiwa daga Miyanoura, shi ne inda gansakuka ta lulluɓe duwatsu da saiwoyi da faɗaɗɗun itatuwa har babu inda ido zai sauka bai ga kore ba, kuma ya fi kyau a ranar yayyafi. Mai ƙarfi yakan ƙarasa zuwa dutsen Taiko, inda ake tsayawa a kan falalen dutse a hango kwarin da ke ƙasa da jerin tsaunuka, zuwa da dawowa awa huɗu zuwa biyar. A Yakusugi Land, ta ɓangaren Anbo, akwai hanyoyi da aka tsara daga ta minti 30 zuwa ta awa biyu da rabi da ma fiye, kuma gajerun an shimfiɗa musu katako. Gaba kaɗan da can akwai Kigensugi, wadda ake ƙiyasta shekarunta da 3,000, tana tsaye a bakin titi.

Waɗanne magangarun ruwa ne suka cancanci a je, kuma yaya ake kai musu?

Uku ne aka fi sani, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Oko no Taki, a kudu maso yamma kusa da ƙauyen Kurio, tana zubowa daga tsayin mita 88, kuma tana cikin magangaru ɗari da Japan ta zaɓa a matsayin mafi kyau a ƙasar. Ita ce ake iya matsawa har gindinta, ta kan duwatsu masu santsi, inda feshin ruwan yake jiƙa tufafi kuma ƙararsa take hana mutum jin maganar na kusa da shi. Senpiro no Taki, a kudu maso gabas, tsayinta kusan mita 60 ne, amma abin kallon shi ne ƙaton falalen dutse guda ɗaya da yake gefenta, wanda bayan ruwa mai ƙarfi yake zama magangara shi ma, fari fat daga sama har ƙasa. Toroki no Taki ƙarama ce, 'yan mitoci kawai, sai dai kai tsaye take faɗawa cikin teku, abin da ba a cika gani a Japan ba, kuma ana hango ta ne ta wata 'yar hanya cikin bishiyoyi daga bakin babban titi.

Washegarin ruwa mai yawa ita ce ranar magangaru, kuma ita ce ranar da bai kamata a shiga dajin da ake ƙetare rafi ba. Magangarar Janokuchi, wadda ake tafiya a ƙafa daga Onoaida, tana buƙatar irin wannan ƙetarawa, saboda haka mai tafiya shi kaɗai ya bar ta sai an samu kwanaki babu ruwa.

Sai na yi hayar mota?

Bas yana bin mafi yawan titin da ya kewaye tsibirin, amma ba ya yawan zuwa, kuma zuwa Oko no Taki sau kaɗan ne a yini. Akwai tikitin kwana ɗaya ko na kwanaki wanda yake rage kuɗi. Mota tana buɗe hanyar daji ta yamma, Seibu Rindo, mai tsawon kusan kilomita 20, wadda bas ba ya bi, inda birai da ƙananan bareyin tsibirin suke zama a tsakiyar titi ba su damu da kowa ba. Ba wa birai abinci laifi ne a dokar garin. A Japan ta hagu ake tuƙi, kuma lasisin ƙasa da ƙasa da ake karɓa shi ne mai bin yarjejeniyar Geneva ta 1949, don haka a tabbatar da wannan tun kafin a baro gida.

Me ake ci a Yakushima?

Kifi ne kan gaba, musamman tobiuo, kifin nan mai fukafukai da yake tashi a saman ruwa, wanda masuntan Anbo suke kamawa da yawa. Ana soya shi ɗungurungum da fukafukansa a buɗe, su yi ƙamas ana cin su, ana kuma niƙa namansa a soya shi dunƙule-dunƙule. Na biyu shi ne saba, dangin kifin da ake kira titus a kasuwanninmu. Masuntan Isso suna karya masa wuya da zarar an fito da shi domin jinin ya zube, namansa ya yi tauri, har a iya cin sa ɗanye a ranar, kuma ba kullum ake samunsa ba. Wanda ba a ci ba ana dafa shi a kyafe shi a busar, shi ne sababushi da ake yin romo da shi. Ana sa wani ƙaramin abin teku mai kama da ƙafar kunkuru, kamenote, a cikin romon miso, wato wani irin daddawar waken suya, kuma ana samun naman barewa a wasu gidajen abinci. Lemon ponkan yana nuna a Disamba, tankan kuma a Fabrairu da Maris, kuma ruwan tankan da aka matse shi ne abin da zan fara nema bayan saukowa daga daji.

Mai zuwa Jomon Sugi yakan yi odar abincin hanya tun daren jiya, ƙunshi biyu, na kari da na rana, galibi dunƙulen shinkafa da kifi da ƙwai, a karɓa da asuba. Gidajen abinci ƙanana ne, suna rufewa da wuri, wasu ma ba sa buɗewa kullum, amma cin abinci kai kaɗai ba abin mamaki ba ne a Japan, kuma zama a kan kanta gaban mai girki yakan fi daɗi.

Musulmi fa, yaya zai yi da abinci da salla?

Kada ya sa ran samun gidan abinci mai shaidar halal ko masallaci, amma yalwar kifi tana sauƙaƙa lamarin. Abin lura shi ne lardin Kagoshima ya shahara da naman alade, ana sa shi a romon taliya da miyar kori da wani lokaci cikin ƙunshin abincin hanya, kuma ana zuba giyar shinkafa da mirin, wata giyar girki mai zaƙi, a miya da yawa ba tare da an ambata ba. Hanya mafi inganci ita ce a riƙe ɗan kati da aka rubuta da Japananci cewa ba a cin alade ba a shan giya, a kuma sanar da mai masauki tun lokacin kama ɗaki, domin Japanawa sun fi iya gyara girki idan an ba su lokaci. Shochu da za a iya miƙa wa baƙo da fara'a giya ce mai ƙarfi ta dankali, kuma ƙin karɓa cikin ladabi ba ya ɓata wa kowa rai. Alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata arewa, ruwan alwala kuwa ba ya yankewa a hanyar daji.

Akwai haɗari ga mai tafiya shi kaɗai, musamman mace?

Ta fuskar mutane, tsibirin yana da aminci ƙwarai, kuma mata da yawa, Japanawa da baƙi, suna zuwa su kaɗai. Haɗarin yana cikin daji. Babu beyar a tsibirin, amma akwai maciji mai dafi da matsattsaku a wurare masu laima, kuma waya ba ta da sabis a yawancin hanyoyin. Ana bin ƙyallaye masu launin hoda da aka ɗaura a rassa. Wanda ya daina ganinsu ya tsaya, ya koma inda ya ga na ƙarshe, kuma ko kusa kada ya bi rafi yana neman gangarowa gari, domin rafukan Yakushima suna ƙarewa ne a bakin magangara mai tsayi, kuma ta haka aka yi asarar rayuka. A cika takardar sanarwar hawa dutse, a gaya wa mai masauki hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Lambar 'yan sanda 110 ce, ta motar asibiti 119.

Wankan ruwan zafi na bakin teku fa?

A Hirauchi akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a cikin duwatsun gaɓa wadda teku yake rufewa, ba ta bayyana sai kusan awa biyu kafin janyewar ruwa da awa biyu bayanta. Maza da mata a haɗe suke shiga, a fili, saboda haka ba za ta dace da kowa ba. A Onoaida an raba ɓangaren maza da na mata, amma al'adar wankan Japan ita ce a tuɓe gaba ɗaya. Wanda hakan bai kwanta masa ba ya nemi masauki mai banɗakin wanka na kansa.

A ina zan sauka, kuma me ake biya a daji?

Miyanoura ta fi kusa da Shiratani, Anbo ta fi kusa da bas na Jomon Sugi da Yakusugi Land, kudu kuma ya fi kusa da magangaru. Ga mutum ɗaya, minshuku, wato gidan iyali mai 'yan ɗakunan baƙi da abincin safe da na dare, ya fi otal amfani, domin mai gidan zai san ko baƙonsa bai dawo ba. A riƙe tsabar kuɗi, domin ba ko'ina ake karɓar kati ba, kuma na'urar cirar kuɗi ta gidan waya takan karɓi katin waje. Ana neman gudummawar yen (kuɗin Japan) 1,000 daga mai hawan yini ɗaya, 2,000 daga mai kwana a bukkokin dutse, kuma da ita ake gyara hanyoyi da kwashe bayan gida, wanda a wasu wuraren a baya ma'aikata suke sauko da shi. Saboda wannan ne ake roƙon masu hawa su sayi ledar bayan gida ta tafi da gidanka a gari, su yi amfani da ita a rumfunan da aka tanada, su sauko da ita zuwa akwatin da ke mashigar hanya.